Guguwa a Giya ta Ɗaya

Ranar da takardar 'yan sanda ta sake isowa gareji, uwar ɗakin Guguwa ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya kaɗa masa hanta. Da ta buɗe masa wuta kamar yadda ta saba, da sai ya sunkuyar da kai ya jira ta gaji, ya ce a yi haƙuri, ya fita yana fito. Amma sai ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta dube shi kamar mai duban tsohuwar taya, ta ce motocinta na dako ne ba na tsere ba, kuma ta gaji da ganin lambar tirelarta a takardun hukuma.

"In ka ƙara yi mini gudu da mota, ba sai na kira ka ba. Ka kawo makulli da kanka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, an daina."

Wannan kalma ta an daina ya sha faɗin ta a ofishin nan, amma yau ce rana ta farko da ya ji nauyinta.

Sunan Guguwa direbobi ne suka laƙaba masa tun gashinsa yana baƙi, ya kuma bi shi har gida, don matarsa ma da shi take kiran sa in ya ƙure ta. Bai taɓa jin haushin sunan ba, hasali ma ya sa an rubuta shi da jan fenti a goshin mota. Ita kuwa motar doguwar tirela ce mai farin kai, shi yake wanke ta da hannunsa, ba ya yarda kowa ya hau ta da takalmi. Da ita ake cin abinci a gidansa, da ita yara suke zuwa makaranta, da ita ake sayen maganin tsohuwarsa. Ban da tuƙi bai iya komai ba, ko ƙusa aka ba shi ya buga a bango sai ya lanƙwasa ta. Matsalarsa guda ce, ƙafarsa ta dama ba ta jin magana. Da ta ji totur a ƙarƙashinta sai ta manta da mai ita. Malejin ma ya daɗe da liƙe shi da hoton autarsa, wai allurar tana ɗauke masa hankali daga titi.

In ka ce yaya aka yi mai irin wannan ƙafa ya kai yanzu da lasisi a aljihu, to ya gode wa 'yan uwansa direbobi. Suna da wata ƙa'ida a tsakaninsu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Duk wanda ya wuce inda 'yan sanda suka laɓe da na'urar auna gudu, wajibinsa ne ya ƙyafta wa motocin da ke tahowa fitila. Wanda aka ƙyafta wa sai ya ɗage ƙafa daga totur, ya ɗaga hannu alamar godiya, ya zo ya wuce 'yan sanda salin-alin kamar mai ɗauke da ƙwai. Ko ba kwa ga maciji da mutum sai ka ƙyafta masa, rigimarku ta jira ku a tasha. Takardun da Guguwa ya samu duk a ranakun da hanya ta yi shiru ne, babu mai tahowa balle ya faɗakar da shi. Don haka da ya fito daga ofishin uwar ɗakinsa, ba rage gudu ya ƙudurta ba. Abin da ya ƙudurta shi ne ya ƙara buɗe ido a kan fitilun jama'a.

Washegari matarsa ta haɗa masa 'yar jaka, ta sa maganin shafawa na ciwon baya da kwalbar shayi da ɗan abin taɓawa. Ƙugiyar da yake rataye kaya ta karye, sai ya maƙala jakar a sandar fitila da ke gefen sitiyari, ya ba mota wuta. Hanyar kuwa ramuka ne iya ganinka. Duk ramin da taya ta faɗa sai jaka ta yi lilo ta ja sanda, fitila ta ƙyafta. Da rana tsaka direba ba ya ganin hasken fitilarsa, 'yar shuɗiyar alamar da za ta tona asiri kuma tana ƙarƙashin hoton auta. Haka ya wuni yana raba wa bayin Allah gargaɗi kyauta. Ya lura duk motar da suka yi kiciɓis tana rage gudu, direban yana ɗaga masa hannu, shi ma sai ya ɗaga, baki har kunne. A ransa ya ce ashe dai mutane sun fara sanin manya.

A hanyar dawowa ya tsaya a gidan abincin bakin titi inda direbobi ke yada zango. Ya yi sallama aka amsa ciki-ciki, babu wanda ya matsa masa a benci. A can ƙurya wani tsohon direba yana zaune, wanda kowa ke kira Kawu. Ba shi da wani muƙami, amma in ya ajiye cokali kowa ajiyewa yake yi. Kawu ya ajiye cokali, ya tambayi Guguwa a ina ne takamaimai 'yan sanda suka tsaya jiya. Guguwa ya ce shi bai ga ko ɗaya ba, hanya fes take tun daga farko har ƙarshe.

Nan fa wuri ya kaure. Mai Kaji, wani siririn direba da ke dakon kaji, ya ce saboda fitilar Guguwa ya yi ta rarrafe cikin rana har kajin suka fara sumewa, ya koma tsayawa yana yayyafa musu ruwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya ɗaura bel ɗin da bai taɓa ɗaurawa ba tun da aka sayi motar, ya buɗe ƙirji ya nuna layin ƙurar da ya bar masa a farar riga. Wani ya katse waya ana tsakiyar sasanta shi da matarsa, yanzu ta ce shi ne ba ya son sulhu. Akwai ma wanda takardunsa ba su cika ba, ya ratse ta tsohuwar hanya don gudun 'yan sanda, ya kafe a laka sai da aka jawo shi. Dukkansu sun yi ta leƙen bayan kowace bishiya har suka kai inda za su, ba su ga ko hular ɗan sanda ba.

Guguwa ya rantse ya maya cewa bai taɓa sandar fitila ba. Aka ɗunguma zuwa mota. Mai Kaji ya hau, da takalminsa kuwa, ya ɗan ture jakar da yatsa, fitila ta ƙyafta a fuskar jama'a. Aka bushe da dariya, har da masu riƙe ciki, Guguwa ma ya taya su, yana zaton magana ta wuce. Kawu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce ranar da direba ya fara shakkar fitilar ɗan uwansa, to duk sun shiga uku, kuma kajin da suka suma ba su tambaya ko ganganci ne ko kuskure ba.

"Daga yau babu mai ƙyafta maka," in ji shi, "sai ranar da zuciyar mutane ta huce."

Da Guguwa ya buɗe baki ya gaya musu maganar makulli, wataƙila da sun sassauta. Girman kai ya hana shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi da ma ba da fitilar kowa yake tuƙi ba. Ya hau mota ya rufe ƙofa, ya zauna shi kaɗai.

Ya ɓare hoton auta ya mayar da shi saman gilashi, suka haɗa ido da allurar maleji kamar tsofaffin abokan gaba. Daga ranar tafiya ta zame masa azaba. Motoci suna tahowa suna wucewa, fitilunsu a mace, direbobin suna kallon gaba kamar ba su san shi ba. Kowane kututture ya koma masa ɗan sanda a tsugune, kowane allon talla akwai abin da ya ɓoye. Ya taɓa taka birki saboda wata riga da aka shanya a kan shinge. Tun yana tafiya a daidai ƙa'ida har tsoro ya sa ya koma ƙasa da ita, don ya ce gara a bar tazara. Motocin da a da yake wuce su kamar a tsaye suke, yanzu su ne ke bin bayansa suna danna masa hon. Ya ga ƙauyukan da bai taɓa sanin akwai su a hanyar ba. A gida matarsa ta taɓa goshinsa ta ce ko dai zazzaɓi ne, don ba ta saba ganin ya dawo da wuya a sanƙare kuma babu labarin wanda ya tsere wa ba. Ya ce mata lafiyarsa ƙalau, hanya ce ta ƙara tsawo.

A ƙasan wani dogon gangare, bayan allon tallan katifa, nan ne mazaunin Saje. Ɗan sanda ne mai furfura da ɗan tumbi, ya kusa ajiye aiki, ya kama manya ya kama ƙanana, amma Guguwa bai taɓa faɗawa hannunsa ba. Kullum sai an riga an ƙyafta masa, ya zo ya wuce a nutse yana yi wa Saje murmushi, da ya sha kwana kuma a jiyo injinsa yana kuka daga nesa. Abin ya daɗe yana ci wa Saje rai. To, labarin hukuncin Kawu bai kwana ba sai da ya kai kunnensa, ta bakin matar da ke sayar wa direbobi abinci. Ga shi kuma an ba shi sabuwar na'ura, wata 'yar aba mai kama da bindiga, wadda yake naɗewa a tawul don kada ƙura ta taɓa ta. Ya ce wa kurtun da ke tare da shi wannan karon sai dai wani ba Guguwa ba.

Da hantsi farin kan tirela ya ɓullo a saman gangare. Saje ya gyara tsayuwa, ya auna, ya kafa ido a kan gilashin na'ura ko ƙiftawa ba ya yi. Na'ura ta ce talatin. Ya girgiza ta, ya sake aunawa, ta ce talatin. Ya buga ta a tafin hannu, ya hura mata iska, ta nace a kan bakanta. Kurtu ya ce a hankali, "Yallaɓai, ni ma dai na ga kamar a hankali yake tahowa." Saje ya harare shi, ya tambaye shi yaushe ya shiga aiki da har zai koya masa Guguwa. Ya fito tsakiyar titi ya ɗaga hannu.

Guguwa ya ga hannun nan. Ya tsaya, ya sauko da takardu a hannu, yana ta bitar abin da zai gaya wa yara. Saje ko kallon takardun bai yi ba.

"Wa ya ƙyafta maka?"

"Babu kowa, yallaɓai. Ai ka san halin da nake ciki."

"Na sani. To da nawa ka taho?"

"Talatin."

Saje ya dubi na'ura, ya dubi Guguwa, sai fuskarsa ta nuna ya gano bakin zaren. A lissafinsa, in maƙaryaci da na'ura suka faɗi abu ɗaya, to na'urar ce ta lalace. Guguwa a gangare, babu wanda ya faɗakar da shi, a ce talatin? Ai ko a mafarki. Ya so ya gwada ta da motarsu ta 'yan sanda, sai ya tuna malejinta ya mutu tun bara. Ya dafa kafaɗar Guguwa kamar wani tsohon amini, ya ce alfarma yake nema. So yake Guguwa ya juya ya koma saman gangare, ya sauko da irin gudunsa na kullum, don a tabbatar ko abar nan tana aiki. Ya rantse da girman kakinsa ba zai rubuta masa komai ba.

Guguwa ya saci kallon kurtu, ya ga littafin tara a hannunsa, biro kuma a buɗe. Shi kurtu bai rantse da komai ba. Guguwa ya fara kawo uzurin sauri da nauyin kaya, Saje ya ce babu laifi, in ba zai yi ba sai su fara duba motar tun daga taya har abin kashe gobara, kuma shi ba shi da inda za shi kafin faɗuwar rana.

Juya tirela a tsakiyar titi ba wasa ba ne. Kurtu ya tare motoci ta ƙasa, Saje ya tura wani ya tare ta sama, kafin Guguwa ya gama gaba da baya layi ya yi tsawo. Direbobi suka firfito suna tambayar ko haɗari aka yi. Da suka ji abin da ake shirin yi sai suka jeru a bakin titi kamar masu kallon ƙwallo. A cikinsu akwai Kawu, akwai Mai Kaji.

A saman gangare Guguwa ya juyo da kan mota ya tsaya. Titi ya miƙe a gabansa, babu ko akuya. Tunda ya fara tuƙi bai taɓa ganin hanya irin wannan ba, hukuma da kanta ta share masa ita ta ce bismilla. A ƙasa ga duk mutanen da suka juya masa baya, sun taru su ga abin da ya sa ake kiran sa Guguwa. Ƙafarsa ta dama har rawa take yi. Ya so ya sake mata, ya so ƙwarai, yadda mai ƙishirwa ke son ruwa. Sai idonsa ya sauka a kan makulli yana lilo a jikin mota, ya ga kansa yana ajiye shi a kan tebur, ya ga wani ƙato yana hawa motar da takalmi, ya ga kansa zaune a ƙofar gida da safe yara suna wuce shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da birki ya ƙwace masa.

Ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur har ƙasa.

Duk wanda ya san babbar mota ya san abin da ke faruwa in aka yi haka. Inji ya ɗauki kururuwa kamar za a tashi duniya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, jikin mota ya hau karkarwa, amma tafiyar ba ta fi ta mai keke ba. Guguwa ya kwanta a kan hon, ya sauke tayoyin gefe a kan ƙasa don ƙura ta samu abin yi. Daga ƙasa abin da ake gani shi ne ƙaton farin kai yana fitowa daga cikin hayaƙi yana ruri. Saje ya runtse ido ɗaya, ɗayan yana kan gilashin na'ura, kunnuwansa kuma suna gaya masa mutuwa ce ke tahowa.

Direbobi kuwa kunnensu ba ya ruɗuwa da kukan inji. Tun daga sautin farko suka san giyar da ya sa, suka dubi juna, Mai Kaji har ya buɗe baki zai yi dariya. Kawu ya taka masa ƙafa. Tsohon ya dubi motar, ya dubi na'urar da ke hannun Saje, ya yi wani ɗan lissafi a ransa, sai ya ƙwalla ihu ya ce a kauce, ya yi tsalle ya faɗa kwalbati, shi da kullum sai an kama masa hannu yake sauka daga mota. Ganin Kawu a kwalbati, sauran suka gane karatun. Wuri ya watse, wasu suka haye allon talla, wasu suka kwanta rub da ciki suna salati. Kurtu da bai san dawan garin ba ya yar da littafi ya bi Kawu. Sai da suka ɗan jima a kwance suna jira kafin motar ta iso, amma babu wanda ya ɗaga kai. Guguwa ya zo daidai allo ya taka birki da ƙarfi, mota ta yi tsaki ta tsaya.

Saje ya sauke hannu yana haki, ya duba. Na'ura ta ce ashirin.

Ya juya wajen direbobi yana neman shaida. Kawu ya fito daga kwalbati yana kakkaɓe riga, ya ce shekarunsa a kan titi sun fi na wasu a duniya, amma bai taɓa ganin gudu irin wannan ba, kuma in da hali a hana yaron nan tuƙi kafin ya kashe mutane. Mai Kaji ya ce iskar motar kaɗai ta fige masa kaji biyu. Mai layin ƙura a riga ya ce shi bai ma ga motar ba, wucewar wani farin abu kawai ya gani. Kurtu ya so ya ce wani abu, ya tuna shi ma daga kwalbati ya fito, ya yi shiru.

Saje ya daɗe yana kallon na'urar, ransa a ɓace. Ya ce da ma tun da aka kawo ta bai yarda da ita ba, kayan yanzu duk kwalliya ce. Ya naɗe ta a tawul kamar jariri marar lafiya, ya ce zai mayar musu da abarsu, kuma ba zai sake tsayawa a rana da ita ba sai an gyara. Ya nuna Guguwa da yatsa ya ce ya ci sa'a ya yi rantsuwa, amma akwai gobe. Suka shiga mota suka tafi.

Motar 'yan sanda tana shan kwana direbobi suka yi caa a kan Guguwa, wannan ya rungume shi, wancan ya daki bayansa. Ban da Kawu. Ya hau motarsa, da ya zo wucewa ta gaban Guguwa sai ya ƙyafta masa fitila. Guguwa ya ɗaga hannu alamar godiya. Ya kama hanya yana waƙa, amma a hankali, don ƙafar ba ta gama dawowa hayyacinta ba.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne waya. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun san gaskiya, amma gaskiyar ba ta da daɗin bayarwa, kuma in ta fita na'ura za ta dawo. Saboda haka abin da suka faɗa wa Saje shi suka faɗa wa duniya. Kafin azahar labari ya kai tashoshi cewa Guguwa ya yi gudun da na'urar gwamnati ta kasa ƙirgawa. Kafin la'asar an ce na'urar hayaƙi ta yi a hannun Saje. Wani ma ya rantse tayoyin ba sa taɓa ƙasa.

Rana ta yi sanyi ya shigo gareji. Kanikawa da masu lodi da direbobin gidan duk sun taru a bakin ƙofa, suna ganin farin kai suka ɗauki tafi da kirari. Ya sauko yana murmushi, sai ya ga taron ya dare biyu. Uwar ɗakinsa ce tsaye, babu tabarau a fuskarta.

"Labari ya riga ka isowa," in ji ta. "An ce har na'urar hukuma ka ƙona. Kuma duk da haka ka zo mini a makare."

Ta miƙo hannu, tafin a buɗe.

Guguwa ya dubi hannun, ya dubi mutanen da ke kewaye da shi. Yaran da suka koyi tuƙi suna kwaikwayon zamansa a kan kujera suna nan, waɗanda suke ba da labarinsa a wasu garuruwa suna nan. Yau sunansa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. In ya ajiye makullin ya juya, har ya mutu za a riƙa cewa ga mutumin da ya ƙona na'ura. Shaidarsa ɗaya ce a duniya, tana can naɗe a tawul, an ce ta lalace. Ya zaro makullin daga aljihu, ya riƙe shi, ya kasa sakewa.

"Ranki ya daɗe, ban yi gudu ba. A giya ta ɗaya na sauko."

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Bai dube su ba.

"Tsoro na ji," ya ce. "An share mini hanya an ce in yi gudu, na tuna da makullin nan, na kasa. Kwanakin nan duk rarrafe nake yi. Shekaranjiya mai keke ya wuce ni a hawa, har ya waiwayo ya tambaye ni ko in kira bakanike. Ki tambayi duk wanda ya biyo bayana, sun zage ni sun gaji. Ni dai kada ki karɓe motar nan. Ban iya komai ba sai ita."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ita kuwa ta daɗe tana kallon sa. Ta tsufa a cikin direbobi, ta ji ƙaryarsu iri-iri, kuma duk ƙaryar direba sama take yi, ya ƙara gudu, ya ƙara nisa, ya ƙara jarumta. Ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya a gaban 'yan uwansa ya ƙirƙiro wa kansa abin kunya irin wannan ba. Ta janye hannunta a hankali, ta lalubo tabarau ta sa.

"Akwai lodi gobe da sassafe," ta ce. "Tunda tafiyar taka ta koma haka, sai ka fito da wuri."

Ta shige ofis. Taro ya fara watsewa, kowa yana kauce wa idonsa, masu kirarin ɗazu suna ƙus-ƙus suna danne dariya. Guguwa ya zagaya motar ya duba tayoyi, ya kulle ƙofa, ya ja ta ya tabbatar. Kunya ta ishe shi kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga kuma wani daɗi da ya cika masa ciki har ya rasa yadda zai yi da fuskarsa. Ya nufi ƙofar fita da makulli a dunƙule a hannu.

Ya kusa fita ke nan wani bakanike ya ɗaga murya daga ƙarƙashin wata mota.

"Hawainiya, ka bar jakarka."

Gareji ya fashe da dariya. Guguwa ya tsaya cak. Sunan ya soke shi har cikin rai, ya kuma san ya zauna ke nan, don direbobi ba sa mayar da suna in sun bayar. Ya ƙara damƙe makullin, ya juyo.

"Na'am," ya ce. "Miƙo mini."